Ku Kwantar da Hankalinku, Ba Sai Ya Ba da Cin Hanci Ba

Tun ban gama faɗin kan magana ba na ga kun fara taɓe baki. An ce hukuncin matashin tauraron da ya yi tuƙi a buge, Malam ya gyara zaman hula ya ce, "A Najeriya? A Abujar?" Hajiya kuma ta ce ko an kama shi, kafin a kira assalatu yana gida yana kurɓar shayi. To, na ji. Ni ma ban zo in rantse muku cewa za a kai shi gidan yarin Kuje ba. Na zo ne in gaya muku kun yi irin ta ɗalibin da ya leƙa takardar na kusa da shi: amsa ta fito daidai, amma lissafin da ya kai ga amsar duk shirme.

Mu ƙaddara mawaƙi ne, ko ɗan fim, ko ɗan TikTok, bai rufa shekara 25 ba. Ya fito daga gidan rawa a titin Aminu Kano da ke Wuse 2 da ƙarfe ukun dare. (Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya ƙare rayuwarsa yana faɗa don talaka, ga shi yau an rataya sunansa a titin da ake kwana ana kiɗa.) Yaro ya yi tatil, ya tada mota. Titunan Abuja kuwa kamar kiran gudu suke yi, ga faɗi, ga santsi, kuma tun 2006 da Nasiru El-Rufa'i ya kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni babu mai sa ka taka burki a dole. Danja ta nuna ja, ya wuce abinsa, sai ga shingen jami'ai a gaba.

A nan ne kuke cewa za a buga waya, wani babba ya yi magana, ambulan ya sauya hannu. Haba jama'a, don me zai yi wannan asarar? Ku buɗe dokar da ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka sabunta a 2007. Tarar da ta yanka wa mai tuƙi cikin maye naira 5,000 ce. Akwai ɗauri da zai iya kaiwa shekara biyu idan alƙali ya ga dama, amma kalmar "ko" tana nan zaune tsakanin tara da ɗauri, kuma lauyoyi ba su da aminiyar da ta wuce ta. A jadawalin laifuffukan hukumar, yunƙurin ba jami'i cin hanci naira 10,000 ne. Kun ga ke nan idan yaronmu yana da sauran hankali a kansa, amsa laifin maye ya fi masa arha da rabi a kan ƙoƙarin sayen jami'i. Tuƙin ganganci ne ma ya ɗan yi tsada, naira 50,000, ita ma ba ta kai kuɗin kwalba ɗaya a teburin da ya taso ba.

Kada ku ce waɗanda suka rubuta dokar wasa suka yi. A 2007 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 5,500 ne, ashe tarar ta kusa cinye watan lebura cur. A 2024 aka mayar da albashin naira 70,000. Dubu biyar ɗin da a da take cika tankin ƙaramar mota, yau ko lita goma ba ta saya. Babu wanda ya sassauta wa mashayi, faɗuwar naira ce ta yi masa afuwa.

Na ga wani can ya ɗaga yatsa, wai ai alƙali mai kishi zai zaɓi ɗaurin. Madalla da kai, kai kaɗai ne mai kyakkyawan zato a zauren nan. Sai dai alƙali ba ya ɗaure mutum da warin baki. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma tabbatar da maye yana buƙatar awo: ko dai a sa shi ya busa na'urar gwajin numfashi a wurin, ko a ɗebi jininsa a asibiti cikin gaggawa, a rubuta wanda ya ɗiba da wanda ya ɗauka da wanda ya auna. Ita kuwa hanta ba ta jiran ofis ya buɗe. Aikinta take yi sa'a bayan sa'a tana wanke barasar, kafin a samo fom, a samo biro, a samo likita, babbar shaidar ta bi fitsari. Jami'an kiyaye haɗurra galibi da rana suke sintiri, na'urorin busawar kuma an fi ganinsu a tashoshin mota a watannin ƙarshen shekara, ana sa direbobin haya suna hurawa. Wanda ya tare yaronmu da ukun dare tocila ce a hannunsa da bindiga, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke auna giya.

Tunda kuna ganin wannan ciwon namu ne mu kaɗai, bari in taɓo muku gwaninku. Eh, Salman Khan nake nufi, ku daina kallon ƙasa. Ranar 28 ga Satumba 2002, da tsakar dare, motarsa Land Cruiser ta hau kan mutanen da ke barci a bakin wani gidan burodi a unguwar Bandra da ke Mumbai. Mutum ɗaya ya mutu, huɗu suka ji rauni. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har watan Mayun 2015, kotu ta ce shi ke tuƙi, kuma a buge, ta yanke masa shekara biyar. A ranar ya samu beli. Kafin nan direban gidansu ya fito, bayan shekara goma sha biyu da 'yan kai, ya ce ai shi ne a kan sitiyari. A Disambar shekarar babbar kotun Bombay ta wanke shi, ta ce masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da wanda ke tuƙin ba, kuma yadda aka sarrafa jinin da aka ɗiba akwai alamar tambaya. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku masu cewa doka ba ta hawa kan manya, nawa ne suka yi hamdala a ranar? Laifi tudu ne.

Na Amurka ma ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. An kama Justin Bieber a Miami Beach a Janairun 2014, yana ɗan shekara 19, cikin Lamborghini ruwan ɗorawa, bisa zargin tsere da tuƙi cikin maye. Mutum fiye da 200,000 suka sa hannu a koken a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu Kanada. A watan Agusta aka sasanta: zancen maye ya faɗi, ya amsa tuƙin sakaci da yi wa 'yan sanda gardama, aka ce ya zauna ajin koyon haɗiye fushi na sa'a 12, ya ba gidauniyar yara dala 50,000. A wannan gaɓar dai Abuja ba ta bar musu fage ba, don a 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tura masu karya dokar danja da masu waya a kan tuƙi asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Wannan hukuncin na fi so a duk cikinsu. Tauraro zai biya tara yana murmushi, amma a ce an gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa?

Inda doka ke fito da haƙoranta shi ne idan an rasa rai. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga wanda ya kashe mutum ta tuƙin ganganci. Kuma kafin ku ce a takarda kawai, ga Ibinabo Fiberesima, jarumar finafinan Kudu. A 2006 motarta ta yi karo a hanyar Lekki zuwa Epe a Legas, wani likita ya rasu. Tuhumarta ta tuƙin ganganci ce, kada wani ya ƙara gishiri. Majistare ya ba ta zaɓin biyan naira 100,000. Gwamnatin Legas da kanta ta ce ba ta yarda ba, babbar kotu ta mayar da hukuncin shekara biyar a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Maris 2016, aka wuce da ita gidan yarin Kirikiri. To, me kuka ce? Na sani, na sani: shekara goma aka ɗauka, kuma bayan 'yan makonni ta fito a kan beli tana jiran Kotun Ƙoli. Ku ɗauki rabin maki, ku bar mini rabi.

Abin da ba zan bar muku ba shi ne cewar suna kullum kariya ne. A Afrilun 2024 kotun tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida ba zaɓin tara, a kan liƙin naira, cikin 'yan kwanaki aka gama. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda sun yi wa Gwamna Ganduje shaguɓe. Ashe kotu ta iya sauri idan akwai bidiyo a hannu, akwai kuma wanda abin ya ɓata wa rai a sama. Takardar naira tana da mai tsaya mata, gwamna ma yana da shi. Matar da ke fitowa daga Nyanya ko Mararraba tana share titin Maitama da duku-duku ita ce ba ta da kowa.

Shi kuma Bakanen da ke ta murmushi yana cewa wannan matsalar mashaya ce, mu a gida bulala 80 ke maganinta, to Abuja ba Hisba, Alhaji. Kundin Penal Code da birnin ya gada daga tsohuwar Jihar Arewa yana da sashen da ya hana Musulmi shan barasa in ba don magani ba, amma hukuncin bai wuce wata guda ko 'yar tara ba, kuma ƙura ta daɗe da binne shi. Sannan wa ya ce maka sai da giya ake buguwa? Kodin da gwamnati ta hana a Mayun 2018, a ina aka fi ganin kwalabensa? Taramol fa? Dokar hanya maye ta ce, na barasa ko na ƙwaya, amma na'urar busawa ba ta jin ƙamshin kodin. Yaron da ya sha kwalba biyu zai hura ta fito fes, a ce masa a sauka lafiya.

Yanzu a zo kan inda shari'ar ke mutuwa da gaske. A ce yaronmu ya kaɗe mutum ya mutu. Kwana uku da haɗarin, tawaga ta tashi: dattawan unguwa, liman, kawun tauraro, buhunan shinkafa a bayan mota. An zauna a tabarma, an ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, yaro ne. Uban mamaci, talaka mai kunya, ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah. Yafiya haƙƙinsa ce, babu mai ƙwace masa, sai dai diyya ma haƙƙinsa ce, kuma da wuya wani a tawagar ya tuna masa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya, amma sai shari'a ta kai ƙarshe. Daga ranar da aka shafa fatiha, dangi sun daina zuwa kotu. Mai shayin da ya ga komai ya ce shi ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa sauyin wurin aiki. Lauyan gwamnati ya miƙe sau biyar yana neman a ɗage, a na shida alƙali ya kori ƙarar. A Facebook kuwa, waɗanda suka rubuta "ƙasar nan ba doka" ranar Litinin su ne ke rubuta "a yi masa afuwa, kowa na kuskure" ranar Alhamis, da zarar sun gane ɗan garinsu ne.

Saboda haka ga tambaya, kuma a amsa a fili. Haɗarin a gabanku aka yi, kun ga wanda ya fito daga mazaunin direba yana tangaɗi, har kun ɗauka a waya kun tura wa abokai. An sa zama ƙarfe tara na safe a kotun majistare ta Wuse, za a iya ɗagewa sau huɗu, kuɗin mota kuma daga aljihunku. Wa zai je ya ba da shaida? A ɗaga hannu in gani. Kai na bayan can, sosa ƙeya kake yi, ba zan ƙirga da kai ba.