Wasiƙa ga Taubashina, Mai Baza Labari

Bawana ɗan Gwaggo,

 Mu nan Bronx lafiya lau, sai sanyi, shi ma mun gode Allah.

Labari ya iso mini cewa hoton nan da na turo ta WhatsApp, mai fitilu ja da shuɗi, ka ɗauka ka zaga dangi gida-gida kana cewa ɗan Kawu ya faɗa caca a Amurka. Har Inna ta kira ni muryarta na rawa. To sannu da aiki, gidan rediyo mai ƙafa biyu! Tun muna yara halinka ke nan, ka ga kare a bakin rijiya ka dawo ka rantse kura ce. Gyara zama ka ji yadda abin yake, sannan ka koma duk gidan da ka shiga ka warware.

Sunan garin da na ɗauki hoton Atlantic City, a jihar New Jersey, daf da bakin teku. Daga New York tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a bas. Garin caca ne, wannan kam ba ka yi ƙarya ba. A 1976 mutanen jihar suka jefa ƙuri'a aka halatta caca a garin, gidan farko mai suna Resorts ya buɗe a 1978, yanzu gidajen tara ne. Amma ni kyamara ke kai ni. Idan na samu hutun aiki tsakanin Disamba da Fabrairu sai in rataya jaka in tafi, in kwana, in dawo. Ko sisina bai taɓa shiga injinsu ba. Wasu motocin ma har tikiti suke ba fasinja na wasan farko kyauta don su ɗana masa tarko. Nawa a kan kujera nake barinsa.

Za ka ce me ya sa sai da sanyi, don na san bakinka. Lokacin zafi garin cika yake maƙil, kuma shigar da mutane ke yi a bakin ruwa ba irin wadda zan ɗauka in turo wa Inna ba ce. Da sanyi kuwa kowa ya gudu, kuɗin ɗaki a tsakiyar mako ya faɗi ƙasa, garin ya zama nawa. Ga haske. A Disamba rana ba ta hawa tsakar ka, a gefe take tafiya duk yini, inuwa ta yi tsawo, kafin ƙarfe biyar ta faɗi. Daga faɗuwarta akwai ɗan lokaci, bai kai rabin awa ba, da sama ke yin shuɗi mai duhu yayin da fitilun gidajen caca suka kama. Wannan ɗan tsakanin nake bi tun daga New York, kuma a cikinsa na ɗauki hoton da ka yi mini talla da shi.

Akwai wani titi na katako zalla da ya bi bakin teku, ya fi kilomita shida. Tun 1870 aka fara shimfiɗa shi don kada baƙi su riƙa kwaso yashi a takalma suna shiga otal-otal. Bayan sallar asuba nake hawansa. Raɓa ta daskare a kan katakan, kana taku yana ƙara, rana na fitowa daga cikin ruwa jajir. Kyanwoyin da ke zaune a ƙarƙashin titin su leƙo, tsuntsayen teku su jeru suna jiran wanda zai yi sakaci da burodinsa. Kai da kake rufa da bargo biyu in Janairu ta kama, a nan ko alwala ba za ka yarda ka yi ba sai an kira maka 'yan sanda.

Sanyin har kyamara yake kamawa. Batir ya ce ya mutu alhali da caji, sai na sa shi a aljihun ciki ya ji ɗumin jiki ya farfaɗo. Kafin in shiga ɗaki kuma sai in ƙulle kyamarar cikin leda, in ba haka ba gilashinta ya yi gumi, aikin awa guda ya tsaya.

Hoton da na fi so bai da fitila ko ɗaya. A kan titin akwai wasu kujeru masu taya da rumfa, kamar a-daidaita-sahu ce aka cire mata inji, mutum ke tura ta da ƙarfinsa. Sun fi shekara ɗari ana hawansu, kuma da yawa daga masu turawar baƙi ne irinmu. Na tarar da wani ɗan Afirka ta Yamma tsaye bayan kujerarsa, ba fasinja ko ɗaya, ya cusa hannuwa a hammata, numfashinsa na fita fari. Muka gaisa, na nemi izini, ya gyara hula ya tsaya. Bayansa gini ne mai hawa da yawa, duk gilashi. Wallahi duk sanda na buɗe hoton sai na yi masa addu'a.

Ciki kuwa ba na ɗauka. Masu gadi ba sa son kyamara kusa da teburan, ni ma zuciyata ba ta so. Inda ake cacar ba taga, ba agogo a bango, don kada mutum ya san dare ya yi. Na ratsa wani gida ina neman shayi, na ga wata tsohuwa sa'ar Gwaggo, sandarta jingine da inji, tana danna maɓalli ɗaya ba ta ko ɗaga kai. Na fita na yi yawona, na dawo bayan la'asar, tana nan. Wannan ba abin hoto ba ne, abin tausayi ne.

Kuma kada ka ɗauka duk garin ƙyalli ne. A 2014 kaɗai gidajen caca huɗu suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ɗaya daga cikinsu, Revel, an kashe dala biliyan 2.4 wajen gina shi, ya yi shekara biyu kacal, sai a 2018 ya sake buɗewa da sunan Ocean. Trump Plaza kuwa da nakiya aka rushe shi a Fabrairun 2021, mutane suka taru suna kallo. Ka tsallaka layi ɗaya daga bakin teku sai ka ga filaye fayau da shagunan jingina masu sayen zinariya. Su ma na ɗauke su, don duk wanda zai ga fitilun nan a gida ina so ya ga bayansu, musamman yaran da ke ƙirga kuɗin biza a zuci.

Na kuma samo maka ɗan'uwa. A Margate, kudu kaɗan da garin, akwai giwa ta katako da kwano da aka gina a 1881, tsayinta hawa shida, sunanta Lucy. Ana shiga ta ƙafarta ta baya a hau matakala zuwa cikinta. Da na ga faɗin tumbin nan na ce lalle an auna naka ne bayan tuwon sallah. Zuwa na gaba hasumiyar Absecon zan hau, mai fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a da, matakala 228. Da kana nan, a ta goma za mu bar ka da ruwa da mafici.

Zan turo hotuna uku: mai kujera, fitowar rana, da giwar. Ka kai a wanke su manya, ka fara nuna wa Inna, sannan Gwaggo. Kuɗin shararka na bana kuwa yana hannuna har sai Inna da bakinta ta ce mini ka je ka warware maganar. Idan mai tahowa ya samu, a haɗo mini kilishi da yaji, kada ka ɗanɗana a hanya.

Ka gai da kowa da kowa.

Naka,
ɗan Kawu, daga Bronx