Obin Cikin Bango da Wutar Unguwar Boro

Akwai wata na'ura da ta fara shiga idon masu gyaran kicin a kudancin Kaduna: obin da injin ɗumama abinci a haɗe, wanda ba a ɗora shi kan tebur, sai kafinta ya yi masa gurbi a cikin kabad ya shige daram. Ni ba na gaba da ci gaba, kuma ba na ƙin gasasshiyar kaza. Abin da nake cewa kawai shi ne, ga mutumin Unguwar Boro, sayen wannan na'ura shi ya kamata ya zama aikin ƙarshe, bayan an gama shawara da mita, da waya, da kafinta, da mai gidan haya. Jama'a kuwa da saye suke farawa, shi ya sa sau da yawa abin yake ƙarewa a matsayin ma'ajiyar biredi mafi tsada a ƙaramar hukumar Chikun.

A fara da lissafi, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Wutar gidajenmu volt 230 ce, filogin nan mai ƙafa uku kuwa fis ɗinsa amfiya 13 ne, wato iyakar abin da zai ɗauka wajen wat 3,000. Da yawa cikin waɗannan na'urori, idan aka kunna gashi da ɗumame tare, abin da suke ja ya kai haka ko ya wuce, shi ya sa masu ƙera su suke cewa a ja musu layinsu daban tun daga akwatin rarraba wuta. To amma kicin ɗin gidan haya soket ɗaya gare shi, a bayan firij, kuma tuni an jona masa wayar ƙari mai baki huɗu da ke ɗauke da heta, da injin markaɗe, da cajar wayar yaron maƙwabta. Nan ake kawo baƙon. Minti kaɗan sai ƙaurin roba ya riga ƙamshin kaza fita tsakar gida. A kira mai gyaran wuta, ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Oga, wannan wayar ta fanka ce." Maganar ke nan da za ta sa a fasa tayil ɗin da aka gama biyan kuɗinsa makon jiya. Ƙaramin janaretan da ake yi wa maƙwabci fankama da shi kuwa bai kai wat 1,000 ba. Haɗa shi da obin tamkar ɗora wa akuya kayan raƙumi ne.

Sai kafinta. Gurbin da irin na Turai ke bukata yawanci faɗin santimita 60 ne da tsayin 45, sannan dole a bar masa sarari a baya inda zafi zai fita. Kafintan da ya ƙware a gadon amarya da wadirob bai ga dalilin barin rami a bayan kabad ba, domin a saninsa rami ƙofar ɓera ce da kyankyaso, kuma gaskiyarsa ne. Sai ya rufe ko'ina ruf, ya goge, ya ce, "Madam, ko iska ba za ta shiga ba." Ai kuwa matsalar ke nan. Na'urar ta yi zafi ta kashe kanta, fatar katakon ta fara ɓarewa. Idan kuma na gwanjo aka samo daga Amurka, da sauran kallo: awonsa da inci ne, 27 ko 30, an ƙera shi don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Kabad ya yi masa kaɗan, wuta ta yi masa baƙunta.

Wani zai ce ai wuta ta gyaru, akwai rukunin A. Haka ne, a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wannan rukuni zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. A farashin wancan lokaci, na'urar da ke jan wat 3,000 da cikakken ƙarfinta tana cin naira 675 a awa guda, mita na ƙirgawa kana kallo. Sannan rukuni ba ya hana layi faɗuwa. A watan Oktoban 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kaduna da Kano da maƙwabtansu sun yi fiye da mako guda cikin duhu. A waɗancan kwanaki mai kurfoti da buhun gawayi ita ce sarauniyar unguwa. Mai cewa a sa sola shi ma yana da hujja, sai dai inbatar da batiran da za su ɗauki obin sun fi obin ɗin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ba a yin wannan hidima don ɗumamen tuwo.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wuri da kyau: kicin ƙarami ne, na'ura ɗaya ta yi aikin biyu, baƙi kuma su gani su yaba. Na yarda da kyan. Amma haɗa biyu a jiki ɗaya yana nufin ranar da allon sarrafawa ya ƙone saboda wutar da ta dawo da ƙarfi, gashi da ɗumame duk sun tafi hutu tare. Ƙaramin injin kan tebur idan ya lalace, rungumarsa za ka yi ka hau Keke Napep, ka haye gada zuwa Panteka, inda babu ƙarfen da ke gagarar masu gyara. Na cikin bango sai an kwance kusoshi, an cire waya, an nemo ƙarti biyu, sannan a bar maka rami a kabad yana kallonka har a samo kayan gyara daga Legas. Idan kuma mai gida ya ƙara kuɗin haya ka tashi, na'urar taka ce, gurbin nasa ne, sai a zauna shari'a.

Wanda gidan nasa ne, mai mitarsa shi kaɗai, da wadda sana'arta kek ce kuma odar Kirsimeti da ta Sallah za su mayar mata da kuɗinta, ba ni da ja da su. Su kira mai gyaran wuta tun kafin su je kasuwa, su ba kafinta takardar awo ya karanta a gabansu, su sa abin kare na'ura daga haukan wuta. Sauranmu kuwa, obin gas da silinda a gefe, ƙaramin injin ɗumame a kan tebur, canjin da ya rage a sayi kazar da za a gasa.