Zuwa ga Bazazzagin da ya ci tuwo da tocila

Bawana, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Kano ka durƙusa ka kwashe ta. Na yafe maka a wannan karon, domin labarinka da ya iso mini ya isa ya biya kuɗin sharar bana har da ta baɗi.

An ce ka je asibiti da kumburin ciki. Likita ya danna tumbin nan naka, ya girgiza kai, ya rubuta maka a takarda cewa daga yau abincin dare sai light food. Kai kuwa, malamin Turanci na shekara ashirin da ɗoriya, ka koma gida ka sa uwargida ta tuƙa tuwon dawa malmala uku, ta kaɗa miyar kuka ta zambaɗa man shanu. Ka kira autanka ka miƙa masa tocila, ka ce ya haska kwanon har ka suɗe. Da baiwar Allah ta yi magana sai ka ce ai umarnin likita kake bi, abinci ne mai haske. Wanda ya ba ni labarin ya rantse har batirin ya yi sanyi ba ka ɗago kai ba.

Ba wai ba ka gane ba ne, na san ka. Ka gane sarai, ka dai ga ƙofa a buɗe ka shige. Kuma wannan ƙofar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ban manta da abin da ka yi mana a wurin ɗaurin auren nan na Tudun Wada ba. Ka tara mutane a gindin darbejiya kana gyara zaman tabarau, kana cewa Turanci harshe ne mai arziki, wai kalma ɗaya tak, light, tana aikin mutum goma, wai Hausa ta kawo irinta in ta isa. A ranar na yi shiru saboda ana raba alkaki. Yau babu alkaki, ga amsarka.

Gidan da za ka tarar da ludayi ɗaya, da shi ake shan fura, da shi ake zuba miya, da shi ake ba jariri ruwa, ba a cewa gidan mai arziki. Cewa ake yi Allah Ya hore musu na biyu. Mu haskenmu daban, rashin nauyi daban, fitila daban, kunnawa daban, sauƙi daban. Da likitan nan Hausa ya yi maka, ya ce ka sha kunu ka kwanta, da ba ka sami mafakar da ka samu ba.

Abin da ba ka faɗa wa jama'a a gindin darbejiyar ba, ko don ba ka sani ba ko don ka ɓoye, shi ne light ɗin nan ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne, takwarori, babu dangin iya babu na baba. Ɗaya ta haske ce, 'yar'uwar lux ta Latin, inda aka samo sunan mata Lucy. Ɗayar ta rashin nauyi ce, danginta a Latin levis, wadda ta haifi elevator, lif ɗin nan da kake tsoron shiga a Abuja. Kowace da gidan ubanta. Yau da gobe ce ta goge musu fuska a bakin mutanen Ingila, har fiye da shekara dubu da suka wuce aka wayi gari ana rubuta su iri ɗaya, kamar Audu biyu a aji ɗaya, malami ya kira ɗaya duka su amsa. Jamusawa, da yake sun fi kula da kayansu, har gobe sun raba: haske Licht, mara nauyi leicht. Faransawa ma haka, lumière daban léger daban, ka tambayi kowane ɗan makaranta a Maraɗi. Ashe abin da kake tinƙaho da shi karo ne aka yi a kan hanya, motoci biyu suka manne, kai kuma ka zo kana yaba tsawon motar.

Har a fi'ili rikicin bai bar su ba. Kalmar alight, wadda kuke rubuta wa yara a jarrabawa, tana nufin sauka daga mota ko doki, domin wanda ya sauka ya rage wa dabbar nauyi. Ita ce kuma dai ke nufin kamawa da wuta. Saboda haka in an ce an gan ka alight a Kwangila, sai mun bincika: jaka za mu zo mu karɓa, ko bokitin ruwa za mu kawo?

Sai kuma haruffan nan biyu, g da h, da suke zaune a tsakiyar kalmar kamar 'yan rakiyar amarya, ba sa cewa uffan, amma duk ɗalibin da ya manta da su ka zabge masa maki. Ka taɓa gaya wa yaran cewa a da suna aiki? A zamanin Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta su, wata gogayya ce a ganɗa mai kama da harafin kha na Larabci, kalmar tana fita kusan lihit. Daga baya sautin ya mutu, wasalin ya karkace ya koma lait. Amma kafin a yi jana'izarsa William Caxton ya riga ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya soma daskarewa, gawar ta maƙale a cikin kalma har yau. Mutanen Sikotilan da ke magana da harshensu na gida har yanzu licht suke cewa, da gogayyarta. Ka ga ke nan yaron da ya rubuta maka lait ya fi ka gaskiya, kunnensa ya bi, kai kuwa gadin kabari kake yi ana biyan ka albashi.

'Yan kasuwa, da yake ba su da lokacin gadin kabari, tuni suka yar da haruffan suka rubuta lite. Shi ne a wayarka, Facebook Lite ɗin da aka fitar a 2015 domin masu ƙaramar waya da sabis mai rarrafe, wato domin ka. Amma inda suka fi cin moriyar ruɗanin shi ne taba. Shekaru da dama kamfanoni suna buga light a jikin kwali, mai saye yana jin kamar ya sayi wadda ba ta kisa sosai. Dabarar kuwa 'yan ƙananan huji ne a jikin matatar da ke gindin karan. In aka sa wa injin gwaji ya zuƙa, iska ta shiga ta hujin ta tsarma hayaƙin, alƙaluma su fito ƙasa. In mutum ne, yatsunsa da leɓɓansa sun toshe hujin, ga shi ya ƙara zuƙa da ƙarfi don ya ji abin da ya saba ji. Da asiri ya tonu, Tarayyar Turai ta hana rubuta kalmar a kwali daga 2003, Amurka ta bi sahu a 2010. Nan ba zolaya nake yi ba: kalma mai fuska biyu ta yi wa huhun mutane da yawa illa, ba tuwo kaɗai take halattawa ba.

Mu dawo gida. Ɗanyen man da Najeriya ta fi suna da shi a kasuwar duniya Bonny Light ake kiransa, da sunan garin Bonny na jihar Ribas. Ka ɗebo shi a kwalba ka kai ɗaki ka gani ko zai haska maka ko da allura. Sunan na rashin kauri ne da rashin nauyi, shi ya sa matatu ke son sa, fetur da dizal sun fi fita daga irinsa. A Kumasi kuma in aka ce maka ga light soup, kada ka nemi tocila, tsinkakkiyar miya ce ta tumatir da barkono da ake cin fufu da ita, kuma yajinta zai nuna maka cewa tsinkewa ba sauƙi ba ne. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 'yan damben boko. Suna da aji mai suna light heavyweight, wato mara nauyin masu nauyi, iyakarsa fam 175, kusan kilo 79. Namu Dick Tiger ya ci kambin duniya na wannan ajin a Disambar 1966, da ya doke José Torres a New York. Ka je ka ce wa wanda ya sha naushinsa ai mara nauyi ne. Na daɗe ina neman sunan da ya dace da kai a fagen ilimi, ashe Turawa sun riga sun raɗa.

To, ni Bakano ne, ba na cin amanar ciniki, bari in faɗi inda ka kusa kama ni. Da kana da wayo, a gindin darbejiyar nan da ka ce mini: wuta fa? Da na yi tari. Domin mu ma muna da namu ludayin guda. Da wuta ake dafa tuwo, wuta ake kawowa a ɗauke, wuta ake buɗewa a fagen daga, wuta mota ke bayarwa in za ta sha kwana, wuta kuma ake yi wa mai cin amana gargaɗi da ita ranar gobe. Baƙon da ya ji unguwa ta ɗauki sowa ana murna an kawo wuta, in Hausar wa'azi kaɗai ya koya, sai ya tattara takalmansa.

Kuma a nan ne light ta sami aikin da ba ta da shi a gidan ubanta. A Ingila in ka ce babu light, za a ɗauka ƙwan fitila ne ya mutu, a miƙo maka wani. A Najeriya kuwa light ita ce lantarkin gaba ɗaya, da ita ake guga, da ita ake niƙa, da ita firji ke sanyi. Mutum zai ce ba light da tsakar rana, rana na dukan ƙeyarsa, kuma kowa ya gane. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta canza suna tun 2005, aka sayar da rassanta a 2013, amma har yau yaran da ba su taɓa ganin takardarta ba suna ihun an kawo nefa. 'Yan'uwanmu na Damagaram suka ce su ba ruwansu, kuran suke cewa, daga Faransanci. Larabawa ma ba su raba gidan da nisa ba, nar ta wuta da nur ta haske tushensu ɗaya, kuma daga nan manara ta fito, wurin da ake ɗora wuta don matafiya su hango, wadda Turawa suka karɓa suka mai da minaret. Ka ga wannan haɗin na jini ne, wuta ce ke haifar da haske. Naku kuwa na haske da rashin nauyi, ko a kotu aka je ba za a raba musu gado tare ba.

Ita kanta light ɗin mun ɗan gutsura mun ajiye, kuma mun fi ku iya riƙe ta. Laita da ake kunna risho da ita daga can ta zo. Tocilan ɗin da autanka ya riƙe maka, torchlight ce muka tausa ta ta zauna a bakinmu, babu g babu h, babu wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a kanta. Fitilar kan titi kuwa muka dubi aikinta muka ce danja, magana ta ƙare.

Akwai wata da kake yawan jefawa in kana son a san ka yi karatu. Ka ce rabonka da Kano light years. Malam, wannan ba ma'aunin lokaci ba ne, na nisa ne. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa tsakar gidanka minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, a shekara kuwa ya shafe kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Tsakanin Zariya da Kano ko kilomita 200 babu. Abin da ya hana ka zuwa ba nisa ba ne, kuɗin mota ne, da kuma darasin dare da kake bi gida-gida kana koyarwa bayan an tashi daga makaranta, abin da masu harshen ke kira moonlighting, wato neman na cefane da farin wata. Ga wata light ɗin da ba ka lissafa mana a gindin darbejiya ba.

Amma ka zo, na yi maka tanadi, kuma ba zan saɓa wa likitanka ba. Mahautan Ingila suna da wata tsohuwar kalma, lights, da s a ƙarshe. Ba fitilu suke nufi ba, huhun dabba suke nufi, na tunkiya ko na sa, saboda duk cikin kayan ciki shi ne mara nauyi, in ka jefa shi a ruwa sai ya taso. Ita kanta lung daga wannan tushen ta fito. To na yi magana da wani mai tukuba a bakin kasuwar Kurmi. Ranar da ka iso zai ware maka huhu zalla, tsinke biyar, babu tsoka babu kitse, babu ko hanta, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli ya naɗe a takarda. Ni zan zauna a gefenka da balangun rago, tunda ni likita bai ce mini komai ba. Tocilar ma ka bar wa yaro, mai naman yana da aci-balbal.