Kwamfuta Ta Yi Shiru, Janareta Yana Ihu

Akwai wata lalura da ke kama mu 'yan boko masu ɗan taɓa kwamfuta, kuma ba ta ƙyale Haɗejiya ba. Da dare take kamu. Mutum yana kwance da waya a hannu, sai ya faɗa kan bidiyon wani Bature a Jamus ko Ingila yana haɗa 'yar kwamfutar falo, wadda ba ta da wani aiki sai zama ƙarƙashin talabijin tana nuna fim. Baturen zai ɗauko na'urar auna ƙara ya kanga mata, ya sassauta murya ya ce desibel 20, wato ko raɗa ta fi ta ƙarfi, tunda raɗa tana kai 30. Nan take majinyaci zai tashi zaune. Kafin asuba ya gama lissafin fanka 'yar Ostiriya mai suna Noctua, da akwatin da aka shafe cikinsa da soso, da katin hoton da fankarsa ba ta motsi sai an takura masa. Ra'ayina, wanda zan tsaya a kansa har ƙarshen shafin nan, shi ne an yi wannan lissafin ne don ɗakin wasu da damunar wasu. A bakin kogin Haɗejiya tambaya ɗaya ce ta cancanci a yi wa kowane ƙarfe kafin a biya kuɗinsa: wat nawa kake ci?

Bari mu bi Malam Wane, don duk mai wannan lalura hanya ɗaya yake bi. Zai sayar da buhunan riɗi ko ya jira albashi, ya yi sammako ya hau motar Kano, ya sauka ya nufi Beirut Road inda 'yan kwamfuta suke, in bai samu ba ya leƙa Farm Centre. Mai shago yana ganin takardar da ya rubuto kaya ya san Allah ya kawo kasuwa. “Alhaji, ai irin wannan ko a Abuja sai gidan manya,” in ji shi, alhali Malam Wane ko Gumel bai cika wucewa ba, balle Makka. Za a ɗora masa babban furosesa, da katin hoto mai fanka uku, da tukunyar wuta mai wat 650, a ƙara masa fitilu masu canza launi kyauta. Ya dawo gida ya kwana biyu yana ɗaure kusoshi, ya hana yara wucewa ta falo, ya hana uwargida shara. Ranar buɗewa ya tara abokai bayan isha'i, ya danna, kowa ya kasa kunne, kuma gaskiya ne, ko numfashi ba ta yi. Ana cikin barka sai a ɗauke wuta. Malam Wane ya ƙwalla wa babban ɗansa kira a ja janareta, kuma daga wannan minti har tashin taro babu wanda zai sake sanin ko kwamfutar shiru take ko kuwwa take, domin ko jarumin fim ɗin sai an ƙure murya ake jin abin da yake faɗa.

Ko da ba a ɗauke wutar ba, ina son a gaya mini a wane dare ne garin nan ya taɓa sauka zuwa desibel 20. Da damuna kwaɗin fadama suna kama aiki tun magariba, kuma ba ƙananan ma'aikata ba ne, tunda Haɗejiya har fataucinsu ake yi zuwa kudu. Da rani injinan ban ruwa ne ke tafasa a gonakin shinkafa da alkama da tattasai, daga nan har Auyo, inda aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a 2023. Cikin gari ga babura, ga injin casar shinkafa, ga fankar sama da ba wanda zai yarda a kashe ta a watan Afrilu. Sama da duka ga 'yan kallo. Bature yana kallon fim ne baki rufe, mu kuwa da mu ake yin fim ɗin. Ana nuna Labarina ko Izzar So, za ka ji inna daga kan tabarma tana cewa “Wallahi ƙarya take yi, kada ka yarda da ita,” wani yana ba da labarin abin da zai faru don ya riga ya gani a waya. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60, kuma kunne yana jin kowane ƙarin 10 kamar an ninka ƙara. Fanka mai 30 da fanka mai 20, a falon da ke kan 60, duk bebaye ne. Wanda ya biya kuɗin bambancinsu ya sayi abin da ba zai taɓa ji ba, kuma wannan ita ce kaɗai sayayyar da na sani da ake yabon ta da hakan.

To ina shirun yake? Yana bayan gida, inda janareta yake zaune. Ranar da aka kalli fim daga farko har ƙarshe ba a ja shi ba, ranar aka samu kwamfuta mai shiru, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 wannan shirun har aljihu yana jin daɗinsa. Lissafin ba ya buƙatar digiri. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa guda, amma in na dalma ne, rabi kawai ake sha idan ana son ya ga baɗi, wato 600. A ce talabijin ɗan madaidaici yana cin 50, fankar sola tana cin 20. Idan kwamfutar tana cin 10, jimla 80 ke nan, za a yi fiye da awa bakwai ana kallo. Kwamfutar Malam Wane kuwa, ko tana zaune tana nuna fim kawai, tana iya lashe wat 100. Jimla ta zama 170, awa uku da rabi a takarda, inbata kuma ta ɗebi ladanta, saura kamar awa uku. Fim ɗin Indiya fassarar Hausa ma awa ukun yake kaiwa. Ma'ana, daidai lokacin da jarumi ya kama wuyan wanda ya kashe ubansa, a nan inbata za ta fara kuka.

Saboda haka ni daga furosesa nake fara zaɓe, kuma ƙarami nake nema. Abin da masu shago ba sa son faɗa shi ne nuna fim ba aikin ƙarfi ba ne. A cikin furosesoshin zamani akwai wani ɗan sashe da aka gina musamman don warware bidiyo, shi ke yin aikin, sauran suna hutawa. Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023, an tsara shi a kan wat 6, kuma yana warware H.264 da HEVC da AV1 da YouTube ke ƙara amfani da shi, har hoto mai 4K. 'Yar kwamfutar da aka gina a kansa ba ta wuce tafin hannu biyu ba, kuma gaba ɗayanta wajen wat 10 take ci lokacin kallo. Katin hoto ba shi da gurbi a wannan gida. Babba daga cikinsu, irin RTX 4090, shi kaɗai yana jan wat 450, wanda ya isa ya sa ƙaramin janareta tari. RAM mai gigabait 8 ta wadatar. Wajen ajiya a sa SSD, don ba abin da ke juyawa a cikinsa, saɓanin tsohon faifai mai zagaye 5,400 ko 7,200 a minti, wanda ba ya yafe ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu. Manhajar Kodi kyauta ce, tana jera finafinai da hotunansu, kuma ana sarrafa ta da rimot, abin da zai ba kaka damar canza tafsiri ba tare da ta nemi jika ba. Da yawa daga waɗannan ƙananan kwamfutoci bolt 12 suke sha, don haka ana iya ba su daga batir ba a bi ta inbata ba. Sai dai a sa 'yar na'urar daidaita wuta a tsakani, domin batirin da ake kira mai 12 yana haura 14 idan rana ta take yana caji.

Na san abin da masana za su ce: ai mafita ita ce kwamfuta marar fanka kwata-kwata, mai jikin ƙarfe da ke fitar da zafi da kansa. Wasu masanan kuma za su ce a'a, a Haɗejiya wannan kashe kai ne. Abin dariyar shi ne duka ɓangarorin suna da gaskiya, kowa da watansa. Jikin ƙarfe yana zubar da zafi ne gwargwadon tazarar da ke tsakaninsa da iskar ɗaki. Ɗakin Baturen yana wajen digiri 20, falon kwano a nan kuwa a Afrilu yana kai 40 ba tare da ya nemi izini ba, don haka furosesan da ya zauna a 65 can zai doshi 85 a nan. Raspberry Pi, ƙaramin injin kwamfutar da mutane da yawa ke so don wannan aiki, daga 80 yake fara rage gudu don ya ceci ransa. To Afrilu ya ce a sa fanka. Sai Disamba ya zo da hazo ya ce a cire, domin fanka aikinta zuƙo iska, iskar hunturu kuwa rabinta ƙura ce, kuma kafin sanyi ya wuce haƙarƙarin ƙarfen ya zama kamar bargon da aka manta a rumbu. Wannan shari'a ba a raba ta da zaɓen fanka. Duk wat ɗin da kwamfuta ta ci zafi yake komawa, don haka wadda ta ci 10 zafin 10 za ta nemi fitarwa, kuma wannan ko jikin ƙarfe ko fanka guda mai juyawa a hankali ya ishe shi. Idan dole sai fanka, a nemi mai faɗi, don babba mai tafiya sannu tana tura iskar da ƙarama sai ta yi ihu take turawa. A kuma riƙa hure ta ƙarshen hunturu, ba a rufe ta da ƙyallen ado mai fure ba, komai roƙon uwargida.

Masu kula da aljihu za su kawo maganar tokumbo, kuma ban raina su ba. Ƙananan kwamfutocin ofis da aka gama da su a Turai da Amurka, irin Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, suna cike da shagunan Kano, ƙarfe ne mai jure wahala, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. A duba zuriyar furosesan kawai. Daga zuriya ta bakwai ta Intel zuwa sama ne ake samun cikakkiyar warwarar HEVC da VP9, AV1 kuwa sai ta goma sha ɗaya. Wadda ta girmi haka za ta nuna fim, amma da gumin goshi, fankarta tana ta shaida wa unguwa. Kuma cajarsu bolt 19 zuwa 20 ce, sai an bi ta inbata ko an sayi abin ɗaga wuta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na wanda zai ce, Malam, duk wannan wahalar ta mece ce, ga waya ga ɗan akwatin Android mai arha? Gaskiya rabin gidajen garin nan wannan ya ishe su, kuma wat ɗin da yake ci ya ma fi ƙanƙanta. Amma marasa suna daga cikinsu abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban, kuma a 2023 masu binciken tsaron intanet sun gano dubbai da aka sayar da muguwar manhaja a cikinsu tun daga masana'anta. Kwamfuta kuma tana da wani amfani da akwatin ba shi da shi. A nan ba kowa ke da datar kallo kai tsaye ba, wajen masu tura fim ake zuwa da filasha a cika ta, kuma ana son wuri ɗaya da za a tara finafinai, da tafsirin azumi, da bidiyon bikin 'yar gida da kowa ke cewa yana wayar wani. Da rana kuma a maƙala mata allon rubutu yaro ya koyi jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta.

Saura maganar girma, kuma a nan ba wasa nake ba. Wanda ya ga 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya cika kogi, kacala ta toshe masa hanya, matasa suka kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, ya san kayan da ke zaune a ƙasa kayan aro ne. 'Yar ƙaramar kwamfuta ana ɗaure ta a bayan talabijin a jikin bango, sama da inda ruwa ko ɗan rarrafe zai kai, in kuma ta kama a kwashe kaya, aljihun babbar riga ya ɗauke ta. Akwatin Malam Wane sai mutum biyu da addu'a.

Abin da ya rage wa babbar kwamfuta shi ne kwarjini, kuma na yarda tana da shi. Baƙo ba zai taɓa cewa masha Allah don abin da aka ɓoye a bayan talabijin ba. Wanda ke son masha Allah ɗin ya sayi akwatin babu komai a ciki, ya sa masa fitilun nan masu canza launi, ya ajiye a tsakiyar falo, wat biyu ko uku za su riƙe shi har gari ya waye. Kai kuwa mai shirin shiga motar Kano da takarda a aljihu, idan mai shago ya fara kiran ka Alhaji, ka ce ya juya cajar ku karanta abin da aka rubuta a bayanta tare. In ya wuce wat 65, ka yi masa sallama.