Auren Tsohon Ido da Sabuwar Kamara

Kamara marar madubi, irin Sony mai bakin E, milimita 18 ce kacal tsakanin bakinta da farantin karɓar hoto. Tsofaffin idanun kamara kuwa sun saba da zaman nesa: na Canon EF milimita 44, na Nikon F 46.5. Zoben haɗi ne ke cike giɓin, kamar waliyyi mai aurar da budurwa ga dattijo.

Zoben iri biyu ne. Mai tsada yana isar da saƙon lantarki tsakanin ma'auratan. Mai araha bututun ƙarfe ne, kurma, dole mai hoto ya daidaita gani da hannu.

A yankin Maradi, dacen auren ya danganta da abin ɗauka. A hawan salla na Tibiri, kafin a gama murɗa ido, dawakan fadar Sarkin Gobir sun wuce, hoto ya fito ƙura zalla. Zogalen Jiratawa ya fi haƙuri, don ba ya sukuwa. Ƙurar hunturu kuwa, da zarar an cire ido ta sauka kan faranti, tunda babu madubin tsaron ƙofa, ta shiga kowane hoto ba gayyata.