'Yan Mitar Kasuwar Singa

A Kasuwar Singa ana sarin shinkafa da sukari da taliya da man girki, amma mita kyauta ake raba ta, kuma ba ta taɓa yankewa.

Limamin 'yan mitar shi ne Alhaji Babu Ciniki. Tirela na sauke masa kaya a ƙofar sito, yaransa ko sararin cin abinci ba su samu ba, shi kuwa yana kan benci da carbi yana girgiza kai. Ka ce, "Alhaji, ya kasuwa?" sai ya ce, "To, alhamdu lillahi, amma sai addu'a." Dala ta hau, ya ce an kashe su. Dala ta sauko, ya ce kaya sun karye a hannunsa. Ni a ganina mitar nan katanga ce: mai neman bashi ko gudummawar biki, kafin ya buɗe baki an riga an sallame shi.

Sai ɗan tarihi, mai ƙaramin kanti a unguwa. Ya haddace kuɗin kowane katan kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, kuma sai ya biya maka karatun duka. Zai taya taliya, ya yi fushi, ya zaga har bakin Sabon Gari, ya dawo da gumi ya saya a kuɗin farko yana "wallahi ƙasar nan!"

Akwai mai taransifa, wanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya haifa mana. Waya a sama, maganarsa ɗaya: "An cire mini, ka duba dai."

Ɗan kamasho kuwa baki biyu gare shi. Gaban mai kaya ya ce masu saye ba su da tausayi, gaban mai saye ya ce 'yan kasuwa ba sa tsoron Allah, la'adarsa kuma ta fito ta kowane ɓangare.

Ɗan dako kaɗai nake yi wa uzuri. Buhu mai kilo 50 a ka, ga cunkoson kura da A Daidaita Sahu, mitarsa ba ta wuce "Hanya! Hanya!" sai wajen biya ya ce, "Haba maigida, ƙara wani abu."

Mai karatu, in za ka shiga Singa ka ƙullo taka mitar tun daga gida. Wanda ya nuna komai lafiya, ba a yi masa ragi.