Zakaran Hajiya da Gasar Olamfik

Laifin wani Baturke ne, Yusuf Dikeç. A daminar 2024, lokacin gasar Olamfik ta Faransa, babu wayar da hotonsa bai shiga ba a Shagari Low Cost: dattijo mai furfura, ɗan shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga. Abokan karawarsa sun ɗaura gilasai masu murfi, sun kife kunnuwa da manyan na'urori, shi kuwa tabaraunsa na kullum ne a fuskarsa. A haka shi da abokiyar harbinsa suka ciyo wa Turkiyya lambar azurfa, 'yan Sabiya ne kaɗai suka sha gabansu.

Da na gani a majalisarmu, sai na ce yau ga wasan da aka ƙirƙira domina. Ba gudu, ba tsalle, ba gumi. Tsayuwa ce da hannu a aljihu, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, na daɗe ina wannan atisaye a layin banki duk ƙarshen wata. Wani ya tuna mini cewa mutumin tsohon jandarma ne, kuma tun 2008 yake zuwa Olamfik. Na ce masa hassada ce.

Turɓaya ta farko doka ce ta baɗa mini ita. A dokar makamai ta 1959, libarba da danginta suna cikin haramtattun makamai, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ni da ko kansilan mazaɓarmu ba ya ɗaga wayata. Bindigar iska ma, wadda Baturken ya yi gasar da ita, izininta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ce kaɗai maganarta ke tsayawa a wurin kwamishinan 'yan sandan jiha, ita kuwa ba a shiga Olamfik da ita, don kafin hayaƙi ya washe alkalan wasa sun watse.

Ban karaya ba, na koma karatun ƙa'idoji. Ana tsayawa ne mita 10 daga takarda, a riƙe bindiga da hannu ɗaya, ba jingina, ba tallafi. Ƙwayar dalmar da ake harbawa faɗinta milimita 4.5. Da'irar tsakiya mai maki goma milimita 11.5 ce, wato kusan maɓallin riga. Harbi 60 cikin minti 75. Nauyin bindigar ba zai wuce kilo ɗaya da rabi ba, kunamarta kuma dole ta iya ɗaukar giram 500 ba ta saki ba. Har sa hannu a aljihun ma ashe ba yanga ba ce, dabara ce ta hana kafaɗa lilo. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, ɗan koyo yakan fara ne ba tare da harsashi ba: ya ɗauki abu mai nauyi, ya miƙe hannu, ya tsura wa ɗigo a bango ido har hannun ya koyi natsuwa.

Abu mai nauyi kuma mai mariƙi a gidanmu, dutsen gugar uwargida ne na gawayi.

Matsalar ita ce awo. Gidajen nan da aka gina a zamanin Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, sun zo da fili, amma kowa ya cinye nasa da ƙarin ɗaki da kicin da shago. Na ari tef ɗin ɗinki na auna daga bangon bayi, mita ta goma ta faɗa cikin falon maƙwabcina. Dole na fita waje. Na zana baƙar da'ira a kwalin taliya, na kafa shi a jikin darbejiyar bakin layi, na ja layi da gawayi a ƙasa.

Haka mutanen unguwa suka riƙa dawowa daga sallar asuba suna tarar da ni: magidanci da jallabiya, hannun hagu a aljihu, na dama miƙe da dutsen guga, yana nuna bishiya, ba ya amsa sallama don yana riƙe da numfashi. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san cewa hannun mutum yana da ra'ayin kansa ba. Kafin rabin minti ya fara rawa, murfin dutsen gugar yana kaɗa masa ganga. Liman ya aiko da rubutu a jarka. Uwargida ta ce, "Malam, in aljanun nan guga suke so, ga kayan yara nan a kwando."

Na ga lokacin ƙarin matsayi ya yi. Na hau Keke zuwa babbar kasuwar Jimeta, na sayo bindigar roba irin wadda yara ke addabar mutane da ita da Sallah, baƙa wuluk, da ledar 'yan ƙwallaye rawaya. Na ce wa mai shagon ta ɗana ce. Ya ce, "Allah ya raya, Alhaji," yana kallon yadda nake kanne ido ina saita fankarsa.

Don gudun 'yan kallo, na zaɓi dab da magariba. Na tsaya a layina, na sa hannu a aljihu, na sauke numfashi rabi, na matsa kunama a hankali yadda littafi ya ce. Har yau ina nan a kan bakana: saitina daidai yake, iskar hadari ce ta taso daga wajen Binuwai. Ƙwallon ya bar kwali, ya bar bishiya, ya sami zakaran Hajiya maƙwabciyarmu a kan katanga. Zakara ya kwarma ihu ya faɗa cikin masara. Hajiya ta leƙo, ta ga mutum cikin duhu-duhu da baƙar bindiga, ita ma ta kwarma nata.

A garin da ya karɓi 'yan gudun hijirar Mubi da Michika da Madagali a 2014, ba a jin kalmar bindiga a tsaya tambayar ta roba ce ko ta ƙarfe. Kafin in juya, 'yan banga sun kewaye ni da gora da tocila.

"Fito da hannunka daga aljihu!"

"Ƙa'idar wasan ce," in ji ni.

"Me ke cikin aljihun?"

Ɓarin goro ne da rasit ɗin wuta.

A zauren Jauro, mai unguwarmu, aka yi zaman. Cikin dattawan akwai wani tsohon mafarauci, cikin waɗanda suka shiga daji tare da sojoji lokacin da aka ƙwato Mubi a watan Nuwamba na 2014. Ya karɓi bindigar, ya jujjuya ta, ya sansana bakinta, ya ajiye a gefen tabarma. Na miƙe na yi bayani tiryan-tiryan, da mita da milimita.

"Ɗana," ya ce, "ita takardar, gudu take yi?"

"A'a, Baba, a kafe take."

"Tana ramawa?"

"Ba ta ramawa."

"Harbi sittin, awa guda da kwata, a kan abin da ba ya gudu, ba ya ramawa. To in an kashe ta, cin ta ake yi?"

Na ce lambar zinariya ake bayarwa. Ya ce a kira jikan Jauro, wani ɗan firamare da danƙo rataye a wuya. Aka jingina kwalina a bangon zaure, yaron ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ɗauki tsakuwa ya fasa baƙar da'irar, ya tambaya ko ya tafi, don tuwonsa na hucewa. Na nuna wa Jauro cewa da hannu biyu ya harba, a Olamfik korarsa za a yi. Babu wanda ya rubuta wannan ƙorafi.

Hukunci: bindiga ta zama ta jika, kwali na masu hura wuta, ni kuma in biya Hajiya kuɗin zakara a farashin jajibirin Sallah. Na ƙirga na miƙa. Ana cikin haka sai ga gogan ya shigo zauren da ƙafarsa, lafiya lau, yana tsattsagar ƙasa kusa da takalmina.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tunda na biya, ai sai a kama mini shi."

Jauro ya dubi Hajiya, ya dubi zakara.

"Malam, kuɗin firgita ka biya. In kana son zakaran, wannan ciniki ne daban."